Maganin Inna a Wayoyi Uku

A gida Auta ake kiranta, don daga ita Inna ba ta sake haihuwa ba. A birnin da ta koma aiki kuwa babu wanda ya san wannan suna. Malama suke ce mata, su miƙa mata aiki, su wuce.

Kamfanin ƙarami ne, a saman wani bene mai kallon tashar mota. Manhajar kwamfuta suke rubuta wa masu ɗakunan sanyi, irin waɗanda ake ajiye kifi da nama da alluran asibiti. A da teburan ofishin a cike suke. Amma tun da aka ba ma'aikata zaɓin yin aiki daga gida, kowa ya rungumi kwamfutarsa ya tafi wurin iyalinsa. Ita ba ta da wanda za ta tafi wurinsa, ɗakin da take haya kuma zafi gare shi da rana, don haka ta ci gaba da zuwa. Daga ita sai na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar ruwa cikin bokiti, sai Manaja a bayan ƙofarsa ta gilashi.

Wata safiya Manaja ya leƙo ya ce, "Malama, zo ki ga abin kunya."

Ya juyo mata da kwamfutarsa. Shafin da ake saita sanyin ɗaki ne. A wuri uku ake ganin awon sanyin: akwai 'yar sanda da ake ja da yatsa hagu ko dama, akwai ƙaramin akwati da ake rubuta lamba a ciki, akwai kuma babban rubutu a sama wanda ake hangowa daga nesa. Manaja ya ja sandar. Rubutun sama ya canza, amma akwatin ko gezau. Ya goge lambar akwatin ya rubuta wata, sandar ta tsaya inda take.

"Kin gani? Kowa da abin da yake faɗa," in ji shi. "Mai kifi ya kira ni jiya kamar zai biyo ta cikin wayar ya shaƙe ni. Ma'aikacinsa ya rasa wanne zai yarda da shi, har ɗakin ya yi ɗumi, kifi ya soma wari."

Ta koma teburinta ta buɗe cikin manhajar. Wanda ya rubuta wannan shafin ya daɗe da barin kamfanin, kuma ta ga yadda ya yi. Sandar tana riƙe da tata lambar, akwatin yana riƙe da tasa, rubutun sama ma haka. In an taɓa ɗaya, sai ya aika wa sauran saƙo su gyara nasu. Wani wurin ya tuna ya sa a aika, wani wurin ya manta. Za ta iya bi ta toshe inda ya manta, amma ta san ranar da aka ƙara wani maɓalli a shafin, za a sake mantawa.

Sai ta ƙwace lambar daga hannunsu gaba ɗaya. Ta ajiye ta a wuri guda, ta ɗaure sandar da akwatin da rubutun a jikinta. Yanzu babu mai riƙe da tasa. Duk wanda aka taɓa, wurin nan guda yake canzawa, shi kuma da ya canza, duk abin da ke ɗaure da shi sai ya bi nan take. Aikin ya ci mata kwanaki, yawancinsu a goge tsofaffin layuka. Ranar da ta gama, ta zauna tana jan sandar tana kallon lambar akwatin tana gudu tare da yatsanta. Ta waiga don ta nuna wa wani, ta ga kujeru ne kawai a jere.

Da ta kai wa Manaja ya gwada ta nan, ya gwada ta can, ya gyaɗa kai.

"To in an ƙara wani maɓallin fa?"

"A ɗaure shi a wurin kawai. Ba sai ya san da sauran ba, su ma ba sai sun san da shi ba."

"Madalla," ya ce, idonsa ya riga ya koma kan wata takarda.

Lokacin cin abincin rana, a matattakalar bene take zama, kusa da wata taga da ake ganin motoci suna lodi. Ba ta taɓa cinye abincinta da zafi ba, domin a lokacin ne wayar gida take shigowa.

Inna tana fama da ciwon suga da hawan jini, ga yanar ido ta rufe mata gani har ba ta iya bambance kwalin magani, kunnenta kuma ya yi nauyi. Mutum biyu ke kula da ita. Akwai Anti, matar wan Auta, wadda ke zaune gida ɗaya da Inna, mijin nata direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. Akwai kuma Yaya, babbar 'yar Inna, malamar firamare, tana aure a bayan layinsu, takan biyo da safe kafin makaranta ta kuma dawo da yamma. Yaya da Anti ba faɗa suke yi ba. Suna gaisawa, suna dariya. Amma tambaya irin ta "kin yi ko ba ki yi ba" ba ta iya bi ta tsakaninsu kai tsaye, sai ta zagayo ta wurin Auta.

"Auta, ki ɗan tambayar min Antinki ko ta ba Inna na safe."

"Haba Yaya, ke da katanga ce kawai tsakaninku, ni da nake wata duniya?"

"In ni na tambaya sai ta ce ina mata binciken aiki. Ke dai kira ta."

Sai ta kira Anti. Anti ta amsa a taƙaice, sannan ta ɗora da labari: yadda Inna ta yi rigima a kan an rage mata gishiri, yadda akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye shanya, yadda famfon tsakar gida ya sake fashewa. Daga nan Auta ta sake kiran Yaya ta kai amsa, Yaya ma ta juye mata nata buhun, na shugabar makarantarsu da ciwon bayan mijinta. Kafin a gama, shinkafa ta yi sanyi. Auta takan yi tsaki ta ce wa kanta ita kam ta zama 'yar aike.

Ran nan taro ya riƙe ta, wayarta tana cikin jaka. Yaya ta biyo da safe, ta tarar Anti ta fita kai yara makaranta, ta kira Auta ba a ɗauka ba, ta tambayi Inna ko an ba ta magani, Inna ta ce ita dai ba ta tuna ba. Yaya ta ba ta. Ashe Anti ta riga ta bayar kafin ta fita. Wajen hantsi suga ya faɗi, Inna ta yanke jiki a bakin ƙofar banɗaki. Allah ya sa Anti tana kusa, aka garzaya da ita asibiti, aka sa mata ruwa, ta farfaɗo.

Da yammar nan kunnen Auta ya sha kuka daga ɓangare biyu. Yaya ta ce da an gaya mata. Anti ta ce da an tambaye ta. Kowacce kuma ta ƙare da, "Ke ma da kin ɗauki waya."

Auta ba ta yi musu ba. Tana tsaye a cikin motar haya ta komawa gida, hannunta riƙe da ƙarfen sama, sai ta ga ai wannan shi ne shafin mai kifi. Abu ɗaya ne, an ba Inna magani ko ba a ba ta ba, amma kowa yana riƙe da nasa sanin a kansa, ana jiran wani ya kai saƙo.

Ranakun hutun ƙarshen mako ta zauna ta haɗa wata 'yar manhajar waya. Ba ta yi mata ado ba. Shafi ɗaya ne, da manyan maɓallai: na safe, na rana, na yamma, sai gurbin rubuta awon suga. Duka ta ɗaure su a ma'ajiya guda a intanet. Duk wadda ta ba da magani ta danna, maɓallin zai koma kore a wayoyin su uku, ya nuna wadda ta bayar, ya kuma kulle kansa har gobe don kada a maimaita.

Koya musu ya fi rubutawar wuya. Ta sa su zauna wuri ɗaya a ɗakin Inna, ta kira wayar ɗiyar maƙwabta aka sa a lasifika.

"Yaya, danna na rana. Anti, ke kalli taki, kar ki taɓa komai."

Yaya ta danna, sai Anti ta yi ƙara.

"Kai! Wallahi ya koma kore, ko numfashi ban yi a kansa ba! Auta, aljanu kika zuba a ciki?"

Yaya ta yi dariya har da tari. Daga nesa Auta ta ji muryar Inna tana tambayar me ake wa dariya, ko ita ce.

Abin ya yi aiki fiye da yadda ta zata. Ba a sake ba Inna magani sau biyu ba, ba a sake tsallakewa ba. Likitan da ke duba ta ya ga jerin awon suga a wayar Anti ya yaba. Yaya da Anti suka huta da kallon juna ta wutsiyar ido.

Wayar rana kuma ta daina shigowa.

Da fari Auta ta ji daɗi. Ta ci abincinta da zafi, har ta samu lokacin sauka ƙasa ta sayi lemo. Bayan mako biyu ko uku sai ta lura ta ɗauki wata ɗabi'a. Takan zauna a matattakala, ta jingina wayar da bango, ta buɗe shafin, tana ci tana kallon maɓallin rana. Can sai ya juye kore, sunan Anti ya fito a ƙarƙashi. Sai ta san a wannan daƙiƙar Anti tana tsaye a ɗakin Inna, ƙila da kofin ruwa a ɗaya hannun. Iyakar abin da za ta sani ke nan. Ko Inna ta ɓata fuska da ta haɗiye, ko ta yi wata magana mai ban dariya, ko wane zane ta ɗaura, babu gurbinsa a shafin.

Takan kira da kanta. Yaya tana aji, ko tana girki.

"Lafiya dai, Auta?"

"Lafiya lau. Na ce bari in ji ya Inna."

"Ai kin gani a wayarki, komai kore. Bari in sauke tukunya, zan kira ki."

Ba da mugunta Yaya take mantawa ba, hidima ce ta yi mata yawa. Anti ma haka. A da dole ce take sa su kira, labari ya biyo bayan dolen. In kuwa aka kara wa Inna waya a kunne, ba a yin nisa. "Na'am? Wace ce? Auta? Allah ya yi miki albarka, Allah ya tsare." Sai ta miƙa wayar, don ƙarar tana sa ta ciwon kai.

Akwai ranar da Auta ta buɗe cikin manhajar, ta tsura wa layin da ya ɗaure wayar Yaya ido. Layi ɗaya ne. In ta cire shi, gobe da rana za a neme ta. Ta tuna Inna kwance a bakin ƙofar banɗaki, ta rufe kwamfutar, ta tashi ta zubar da ruwan bokitin na'urar sanyi, ko da yake bai cika ba.

Haka watanni suka tafi. Manaja ya ba ta sauran shafukan manhajar kamfanin ta yi musu irin gyaran nan, ɗaya bayan ɗaya. Koke-koken masu ɗakunan sanyi suka ragu, wayar ofishin ma ta rage ƙara.

Wata Laraba ta zauna a matattakala kamar kullum. Maɓallin safe ba a danna ba. Ta ce ƙila intanet ne. Ta gama cin abinci, na rana ma shiru. Ta duba ma'ajiyar daga kwamfutarta, komai lafiya, babu dai wanda ya taɓa. Ta kira Anti, waya a kashe. Ta kira Yaya, tana shiga ba a ɗauka. Ta kira wanta, aka ce ba ya cikin layi. Ta koma tebur ta zauna, ta tashi, ta je taga, ta dawo. Ta rubuta layi ɗaya na aiki ta goge. A ƙasa wani kwandasta yana ta kiran sunan garin da ba nasu ba, ita kuwa tana lissafin in ta fita yanzu ko za ta samu motar da za ta kai ta ko rabin hanya ne.

Ta riga ta rataya jaka, la'asar ta yi, sai ga kiran Yaya.

"Auta, na ga kiranki rututu. Ki yi haƙuri, wayar tana jaka. Alhamdu lillahi, an fito da ita, an yi nasara."

"An fito da wa? Daga ina?"

"Inna mana. Aikin idon."

Auta ta nemi bakin tebur ta zauna.

"Wane aikin ido, Yaya?"

Hayaniyar asibiti ce a ɗaya ɓangaren. Tana jin takun mutane da ƙarar keken marasa lafiya.

"Cire yanar nan. Ai tun watan jiya aka ba mu rana. Shi ya sa likita ya ce kar a ba ta komai da safe sai an fito." Muryar Yaya ta yi ƙasa. "Anti ba ta gaya miki ba?"

Ta ji Yaya ta juya tana tambaya, ta ji Anti daga gefe tana cewa, "Ni na ɗauka ke kika gaya mata." Sannan Anti ta karɓi wayar.

"Auta, wallahi ba da gangan ba ne. Mun saba komai kina gani a abin nan naki, sai muka ɗauka kin sani. Sai yanzu na tuna babu wurin rubuta irin wannan a ciki."

"Ba komai, Anti," ta ce. "Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. Tana barci. An rufe idon da auduga."

"To a gaishe ta in ta tashi."

Ta ajiye wayar ta cire jakar daga kafaɗa. Wata guda cur ana shiri a gidansu. An je gwaji, an dawo, an yi shawara, ƙila Inna ta ji tsoro an lallashe ta, an haɗa kaya a jaka da safen nan. Ita kuwa tana nan tana kallon kore tana cewa ta san halin da ake ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna ne kawai har hasken taga ya sauka daga kan tebur zuwa ƙasa.

Manaja ya fito zai tafi, makulli a hannu, ya gan ta.

"Malama, lafiya?"

"An yi wa mahaifiyata aikin ido. Ina so in je gida."

"Ayya. Allah ya ƙara sauƙi." Ya sosa ƙeya. "Ki bari mu miƙa aikin masu allurai tukuna, kin san babu wanda ya san cikinsa sai ke. Da an miƙa, ki tafi ki huta sosai."

Ta ce to.

Yaya ta kira washegari, ta sake kira bayan kwana biyu, tana ta jan hira kamar mai biyan bashi. Auta ta san wannan kiran na kunya ne, kuma ba zai daɗe ba. Bai daɗe ɗin ba. Ta yi tunanin ƙara gurbi a manhajar inda za a riƙa rubuta labarin gida, har ta zana yadda zai kasance a bayan wata takarda. Ta dube shi ta ga babu wanda zai tsaya rubuta cewa akuya ta ci shanya. Ta bar shi.

Wata Asabar da hantsi tana wanki a ɗakinta, wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne daga Anti, abin da ba su taɓa yi ba, don a da Inna ba ta ganin komai a fuskar waya sai haske. Ta goge hannu ta ɗauka. Fuskar Inna ce ta cika wayar, kusa sosai, da baƙin tabarau an ɗage shi zuwa goshi. Idon da aka yi wa aiki ya ɗan yi ja, amma a buɗe yake tar.

"Matsar da ita baya kaɗan, Inna," in ji Anti daga gefe.

Inna ta matsar. Ta daɗe tana kallo. Auta ta ɗaga murya ta gaishe ta, Inna ta ɗaga hannu alamar ta bari, ba ji take yi ba.

"Ashe haka kika koma," in ji Inna. "Kin yi tabarau. Yaushe kika yi tabarau?"

Auta ta buɗe baki, ta tuna ba za a ji ba, sai ta ɗaga yatsu biyu, shekara biyu ke nan.

"Kin rame ta nan," Inna ta shafa nata kuncin. "Juya min in ga ɗakin naki."

Auta ta juya wayar a hankali. Gado da zanen da ba ta gyara ba. Risho a kusurwa da tukunya a kai. Igiyar da ta ɗaura daga taga zuwa ƙusa, riguna suna ɗigar ruwa. Tebur da kwamfuta da kujerar roba. Ƙofa. Ɗakin ya ƙare, ta dawo da wayar kan fuskarta.

"Kujera ɗaya ce?" in ji Inna.

Auta ta gyaɗa kai.

"To in wani ya zo, ina yake zama?"

Auta ta yi murmushi ta ɗaga kafaɗa. Inna ba ta yi murmushin ba. Ta ci gaba da kallonta da sabon idon nan, har Anti ta ce batirin ya kusa mutuwa.

"Ki sayo wata," in ji Inna. "Kin ji ko? Mai hannu, wadda bayana zai iya. Tun da yanzu ina ganin hanya, in yayanki ya dawo zan sa ya kawo ni."

Wayar ta ɗauke kafin Auta ta amsa. Ta san likita ba zai bar Inna ta yi doguwar tafiya nan kusa ba, ta kuma san matattakalar benen da ɗakin nan yake ta fi ƙarfin gwiwoyin Inna. Ta ƙarasa wankin, ta shanya sauran kayan. Da rana ta ɗan yi sanyi ta sa takalmi, ta kulle ɗakin, ta gangara layin kafintoci.